Kafin Ka Ce "A Yi Fomatin", Duba Agogo

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta, akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu daina. Da zarar kwamfutar ofis ta yi gardama, maganinmu biyu ne: a yi mata fomatin, ko a bai wa kowa kalmar sirrin oga. Ni ma haka nake har SIWES ya kai ni gida, Farfaru, na yi wata huɗu a ofishin wasu masu fiton kaya kusa da iyakar Magama Jibiya.

Ofishin na da saba ɗaya da 'yan kwamfutoci. Duk takardun kaya suna cikin folda guda ta tarayya. Idan ma'aikaci ya shiga da sunansa, wani ɗan rubutun umarni da ke saba ne yake ɗauko masa foldar ta fito a matsayin Z.

Wata safiya Z ta ɓace a kwamfutar akawu. Ga motoci a waje za su wuce Maraɗi, direbobi sai huci suke. Oga ya dube ni ya ce, "Kai ɗan foli, me aka koya maka?" Wallahi gumi ya karyo min. Na riga na ɗauko filashina zan yi fomatin, sai idona ya kai kan agogon kwamfutar, na ga ya koma shekaru baya. Ƙaramin batirin cikinta, CR2032, ya mutu, kuma an kwana babu wuta. A tsarin Windows, idan agogon kwamfuta ya saɓa da na saba fiye da minti 5, Kerberos ba ya amincewa da ita. Akawu ya shiga da tsohon bayanin da kwamfutar ta adana, amma saba ta ƙi shi, rubutun umarnin bai yi aiki ba. Na gyara agogo, muka canza batiri, Z ta dawo. Da na yi fomatin, da mun rasa yini guda, kuma cutar tana nan.

Tun ranar nake bin matsala daki-daki. Waya a jone take? Ping yana kaiwa saba? Ipconfig zai nuna maka ko wani ya mayar da DNS zuwa 8.8.8.8 don intanet ta yi sauri, alhali Google bai san sabar ofishinku ba. Gpresult zai gaya maka ko umarnin ya iso. Sai izini, wanda hawa biyu ne, na tarayya da na NTFS, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. In an saka mutum a sabon rukuni, sai ya fita ya sake shiga.

Wani zai ce, "Malam, kowa ya samu cikakken izini mana, a huta." Ba hutu ba ne. Ranar da aka goge takardar kuɗin wani Alhaji, wa za a tambaya? Ku tuna WannaCry a watan Mayun 2017, wadda ta bi ta tsohuwar hanyar raba folda ta SMBv1 ta shiga ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.

Wani kuma zai ce a zuba komai a WhatsApp. Mu 'yan Jibiya mun san amsar. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Sabar da ke cikin ofis ba ta jiran sabis.

Kirana ga ƙungiyarmu shi ne ta nemi izinin sashe a haɗa tsofaffin kwamfutoci uku duk Asabar. Wani ya ɓata tsarin da gangan, saura su nemo. Gara mu ji kunya a nan tsakaninmu da mu ji ta a gaban oga da direbobi.