Waiwaye: Garmahon da Jikana Ya Sayo

Wata Asabar bayan la'asar jikana ya shigo zaure rungume da akwati, yana haɗa gumi. Garmaho ne na lantarki, na hannu, ya sayo wurin masu tsofaffin kayan wuta a kasuwar Sabon Gari. Dama kwanakin baya ya bankaɗo faya-fayaina a cikin adaka, ya ga hoton Shata a jikin kwali, ya rantse sai ya ji su da kunnensa. Ya jona wuta, ya danna. Ana jin inji na ƙugi a ciki, amma faranti ko gezau.

"Kaka, an cuce ni," in ji shi.

Na ce, "Abokina, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Samu wuri ka zauna."

Mu da muka girma da wannan abu mun san ba kasafai yake mutuwa ba, sai dai ya yi fushi. Na sa shi ya zare wuta, ya cire shimfiɗar roba, ya ɗaga farantin sama. Ga bel ɗin da ke juya farantin can ya narke, ya manne baƙi ƙirin kamar kwalta. Haka roba take yi in ta shekara ashirin ko talatin a ajiye, balle a zafinmu. Muka goge da auduga da sifirit, muka zagaya zare ta hanyar da bel ɗin ke bi don mu san tsawonsa, na ce ya nemo wanda ya ɗan gaza zaren kaɗan don ya kama. Kwana biyu ya samo, faranti ya juya.

Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna garmaho mai wani, wanda faya-fayansa da yawa ke ɗauke da hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙaho. Faifansa na juyawa sau 78 a minti, mai nauyi ne, in ya faɗi ya tarwatse kamar tangaran, allurarsa kuma ta ƙarfe ce, a ɗan gwangwani ake sayar da su, ana gama gefe ɗaya a sauya. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, shekara guda bayan haka RCA Victor ya kawo ƙarami mai 45. Irin waɗannan ne suka cika ɗakunanmu, har EMI ya riƙa buga na mawaƙanmu a nan gida. Mu kuma da muka ga abu kewayayye mai layi-layi sai muka raɗa masa sunan faifan da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi. Kaset na shigowa muka tura su ƙarƙashin gado, muka tura sanin sarrafa su tare da su. Yaron yau ya san yadda zai nemo waƙa a waya cikin ƙiftawar ido, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa faifai ta gefe ake riƙe shi, ba a ɗora masa yatsa. Laifin namu ne.

Da ya ɗora faifai, sai murya ta fito siririya, can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro, ko da ya ƙure ƙara. Na ce ya juyo bayan amfilifaya. Ya soka wayoyin a ramin da aka rubuta AUX, alhali ga na PHONO a gefe. Wutar da kan allura ke haifarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce 'yan kaso cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ban da haka, tun wurin yanka faifai ake rage kauri a ƙara kaifin sauti don layukan su samu wurin zama, bisa ƙa'idar da masu sana'ar a Amurka suka tsayar a 1954. Ramin PHONO shi ke ƙara ƙarfin, ya mayar da kaurin inda yake. Sa'arsa ɗaya amfilifayar tawa ce, tsohuwa. Na zamani da yawa ba su da wannan rami, sai an sayi wani ɗan akwati an sa a tsakani. Yana sauyawa murya ta cika zaure, amma da wani gurnani a ƙarƙashinta. Wannan kam na hango dalilinsa tun daga kujerata: wata siririyar waya ta uku tana lilo a baya, bakinta kamar cokali mai yatsu biyu. Ya ɗaure ta a ƙusar da ke bayan amfilifaya, gurnani ya ɗauke ɗif.

Sai allura ta fara tsalle. Kafin in yi magana ya ce wai mai kayan ya gaya masa ya ɗora tsaba a kanta. Na yi dariya har da tari, don wannan ɓarnar mu muka fara ta. Wane ne a cikinmu bai ɗaure kwabo mai huji a kan allura da kyauro ba? Tsalle ya kan daina, mu yi ta murna, ashe garin gyaran gira muke tsone ido. Yawancin allurai nauyin giram ɗaya da rabi zuwa biyu ko uku suke so, kwabo kuwa ya ninka haka, sai allurar ta koma garma tana huɗa a cikin layin faifai. Rabin shashshakar da ke cikin faya-fayaina daga nan ta samo asali.

Na nuna masa dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun da ke ɗauke da allura. Ana murza shi har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar sikelin mai sayar da zinariya. A nan ake mayar da zoben lamba kan sifiri, sannan a murza dunƙulen ciki zuwa nauyin da aka ƙayyade wa allurar. Ɗan makunnin da ke gefe, mai hana hannu zamewa zuwa tsakiya, a sa shi a lamba ɗaya da nauyin. Muka sa kwali ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daidaita. Muka share ƙullin ƙurar da ya taru a bakin allura da ɗan buroshi, daga baya zuwa gaba. Duk da haka na ce ya sayi sabuwa. Ba wanda ya san awa nawa tsohuwar ta yi a hannun mai ita na farko, kuma allurar da ta cinye faifai take ci. In kuma ya samo faifan 78 wata rana, kada ya kusance shi da wannan, layinsa ya fi faɗi, allurarsa daban ce.

Jikana ya ce shi ke nan, an gama. Ni kuwa kunnena ya ƙi. Shatan da na sani muryarsa tana da kaifi, kalangunsa na tafiya kamar ana kora shi. Wannan kuwa yana jan magana kamar wanda aka tasa daga barci. Yaron bai ji komai ba, don bai san na asali ba. Na manna 'yar takarda a gefen faranti, na ce ya duba agogo ya ƙirga. Juyi 33 da sulusi a minti, ke nan ɗari cif a minti uku. Ya ƙirga 83. Ya sake, 83.

Muka kifa garmahon, ga tambari a ƙasa: bolt 120, zagaye 60. Don Amurka aka ƙera shi. Mai kayan ya haɗa masa da taransifoma mai sauko da wutarmu ta 230, ya kuwa kyauta, da ba don haka ba da tuni inji ya ƙone. Amma taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa. Wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, tasu sau 60, irin wannan inji kuwa da kaɗawar wuta yake auna gudunsa, don haka ya rasa kashi ɗaya cikin shida. Shi ya sa ma a kan ƙaramin janareto za ka ji waƙa tana hawa tana sauka. Maganinsa a ƙara wa ƙarfen da ke jan bel kauri da kashi ɗaya cikin biyar. Na aike shi wurin wani tsohon mai gyaran rediyo, sa'ana, wanda yanzu sai dai ya yi ta gyangyaɗi a bakin shago. An ce da ya ga abin da aka kawo masa sai da ya gyara zaman hularsa. Ya sa aka feƙe zoben tagulla, ya zura, ya ƙi karɓar kuɗin aiki.

Daren da aka dawo da shi muka ƙirga ɗari daidai. Muka wanke faifan da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ya bushe a inuwa. Na gargaɗe shi ya riƙa jera su a tsaye, nesa da rana, ya rufe su saboda ƙurar hunturu. Kakarsa ta fito daga ciki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba.

Ana tsakiyar waƙa ta biyu sai allura ta maƙale, Shata ya yi ta nanata kalma ɗaya. Daga nan ne fa muka samo kiran mai maimaita zance faifan garmaho. Yaron ya zabura zai murza dunƙule. Na riƙe masa hannu, na karkata faifan ga fitila, na nuna masa wani ɗan karce a gicciye.

"Wannan ba na garmaho ba ne. Babanka ya yi shi da cokali yana rarrafe."

Na sa ɗan yatsa na tura hannun kaɗan, kamar yadda na saba yi a daidai wurin shekara da shekaru, waƙa ta wuce. Kakarsa ta ce, "Har yanzu ba ka yafe wa yaron nan ba, Malam?" Ta ja tabarma ta zauna.