Manyan tayoyi a ƙarƙashin Hilux: wa ke biyan kuɗin kwalliyar?

Wani yayi ya shigo biranenmu, musamman Abuja da Kano da Kaduna. Mutum zai sayi a-kori-kura, galibi Hilux, ya kai ta gareji a ɗaga ta sama, a kwance tayoyin kamfani a ɗaura mata wasu jibga-jibgai masu haƙora, har sai mai shiga ya kama ƙofa ya yi tsalle. Daga Amurka abin ya taso, inda tun a shekarun 1970 wani Bob Chandler na jihar Missouri ya yi ta ƙara wa motarsa Ford F-250 girman taya har ta zama Bigfoot da ake biyan kuɗi a kalla. Tasa ta filin wasa ce. Tamu kuwa da ita ake kai yara makaranta.

Ba da manomin da damina ke datse masa hanyar gona nake ba, ko mai kai magani ƙauyen da sai an ratsa rafi. Wannan yana da hujja, amma shi ma ya kamata ya san abin da kuɗinsa ke saya masa. Ɗaga mota bodi yake ɗagawa. Tulun giyar nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. To nawa take ƙarawa? Hilux da yawa da taya mai lamba 265/65R17 suke zuwa, tsayinta milimita 776. Wadda aka fi komawa gare ta, 285/70R17, milimita 831 ce. Rabin bambancin kawai ake samu a ƙasa, wato bai kai santimita uku ba, faɗin yatsu biyu ke nan.

A kan wannan ɗan tsayi ake jawo wa mota larura iri-iri. Maleji yana ƙirga juyawar taya ne, bai san an canja ta ba, don haka idan ya nuna kilomita 100 a awa, kana kan 107. Wanda ya kai ga taya mai inci 35 yana kan 114 ne, yana kuma rantsuwa bai wuce ƙa'ida ba. Birki an auna shi ne da tayar kamfani. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi wuyar tsayarwa, sai tazarar tsayuwa ta ƙaru. Giya takan yi nauyi, motar ta riƙa nishi a hawa, direba ya ƙara taka totur, a ƙasar da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin lita. Boris da shaf na gaba da shokozoba kuwa su ne abincin bakanike na gobe. Shi ya sa ba kasafai za ka ji ya hana ka ba, sai dai ya ce, "Alhaji, ai za ta hau, sai dai mu ɗan yanke madigadi."

Duk wannan aljihun mai mota ya shafa, kuma kowa da abin da yake yi da dukiyarsa. Inda abin ya fi ƙarfin ra'ayi shi ne inda ya taɓa ran wasu.

A-kori-kura tun daga kamfani doguwa ce, nauyinta yana sama. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux a irin kaucewar gaggawa da direba ke yi idan dabba ta faɗo titi, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba, motar ta ɗaga ƙafa biyu saura ƙiris ta kife. Kamfanin ya yi gyara daga baya. Wannan fa mota ce da injiniyoyi suka auna. Ina ga wadda aka ƙara wa tsayi a gindin bishiya, aka loda wa mutane a baya, sannan saniya ta ratso hanya?

Sai maganar wanda ke ƙasa, wadda ta fi damuna. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40 sun fi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangara. Dalilin a fili yake. Ƙaramar mota ƙafa take duka, mutum ya faɗo kan bonet. Doguwa ƙirji da kai take samu, ta tura shi ƙarƙashinta. Inci 40 mita ɗaya ne da ɗan kai, kusan tsayin yaro ɗan shekara huɗu. A lungunanmu da almajirai da 'yan talla da 'yan makaranta ke ratsa titi ta ko'ina, direban irin wannan mota yana iya tayar da ita bai ga yaron da ke tsaye a gabansa ba. Da dare kuma fitilunta sun tashi daga kan kwalta sun koma cikin idon mai adaidaita sahu da ke tahowa.

Akwai kuma tambayar inda tayoyin ke fitowa. Michelin da Dunlop sun rufe masana'antunsu a Najeriya tun kafin 2010, kusan komai shigo da shi ake yi, manyan tayoyi sababbi kuma tsada gare su. Sai mai son burga da ƙaramin aljihu ya faɗa wa gwanjo. Lambobi huɗu na gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, amma mutum nawa ke sunkuyawa ya duba?

Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku ba su da wannan ƙawa, alhali ba wanda ya fi su sanin mugunyar hanya. Idan suka shiga rairayi, iska suke ragewa taya ta baje, in sun fito su mayar.

A Jamus ba ka isa ka sa tayar da ba ta dace da takardun motarka ba sai masu binciken mota irin su TÜV sun duba sun amince. Ba abin da zai hana Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an VIO na jihohi su sa iyaka a kan tsayin da za a ƙara wa mota, su riƙa gwada birki da saitin fitila kafin sabunta takardu. Kai kuma mai mota, in hanyarka ce ta tilasta maka, ƙara wa taya lamba ɗaya ka tsaya, ka sa a saita maleji da fitila, a duba birki. In kuwa tsakanin gida da ofis kake, bar ta yadda ka saye ta.