Lemun tsami ba ya maye gurbin tafasa ruwa

Ya Edita,

Bazara ta kankama a Maradun, manoman rani na Madatsar Bakolori suna wuni a rana, da yawansu ba sa shan ruwa sai ƙishi ya ci ƙarfinsu. Don Allah ku ja hankalinsu: fitsari mai duhu alama ce jiki na neman ruwa, ƙarancin ruwa a jiki kuma yakan jawo tsakuwar ƙoda.

Lemun tsami yana da bitamin C, yana kuma sa ruwa ya yi daɗin sha. Abin da ke damuna shi ne masu matsa shi a ruwan kanal, wai ya tsarkaka. Wannan ba abin dogaro ba ne, balle lokacin amai da gudawa. A tafasa tukuna. Bayan an sha ruwa mai lemun tsami a kurkure baki, tsaminsa na cin haƙori.

Naku,
Mai karatu daga Maradun, Jihar Zamfara