Kifin Beta da Zaluncin Kwalba

A kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis, babu dillalin da zai ga gashin rago ya dushe, idonsa ya faɗa, ya ɗauka ado ne kawai ya ragu. Ya san ciwo ne ko yunwa. Abin takaici, ɗan wannan dillali da ya yi boko ya samu ofis zai ajiye kifin beta a kwalba bisa teburinsa, ya ga jan jikinsa yana koɗewa, sai ya yanke hukuncin cewa mai shago ya cuce shi da kifin rini.

Zargin yana da tushe, domin duk wanda ya ga ’yan tsakin da ake tsomawa a rini don a yaudari yara ya san halin kasuwa. Sai dai beta ba ya buƙatar rini. Asalinsa fadamun shinkafa na Tailan, inda aka daɗe ana kiwonsa don faɗa kafin a koma kiwonsa don kyau, har ƙasar ta ayyana shi dabbar ruwanta ta ƙasa a 2019. Launinsa yana cikin wasu ƙwayoyin fata da ke tattara shi wuri guda ko su baza shi, gwargwadon halin da kifin yake ciki.

Wani sauyin ba abin damuwa ba ne. Akwai jinsi mai dabbare-dabbare wanda gado ke sa shi rikiɗa, a saye shi fari ya koma shuɗi cikin ’yan watanni. Tsufa ma yana rage ƙyalli, ga shi kifin da wuya ya wuce shekara 4. Macen da ta shirya ƙwai kan fitar da ratsi a tsaye. Amma ratsin da ya kwanta daga kai zuwa wutsiya, tare da koɗewa da naɗe fukafukai da ƙin abinci, wahala ce tsantsa, kuma mafi yawan lokuta kwalbar ce ta jawo ta.

Masu sayarwa suna da hujjar da suke maimaitawa: wai beta yana shaƙar iska daga saman ruwa, saboda haka ko a kofi zai rayu. Gaskiya ne yana da wata gaɓa ta shaƙar iska. Wannan baiwa ce ta zame masa masifa, domin ita ke hana shi mutuwa da wuri, mai shi kuwa ya ɗauki jinkirin ajali a matsayin lafiya. Fadamar Tailan ba ta da zurfi, amma tana da faɗi da ciyayi, kuma kashin kifi ba ya taruwa a cikinta. A ruwa lita ɗaya kuwa, amoniyar da kifin ke fitarwa tana taruwa cikin kwanaki kaɗan, ta ƙone masa mashaƙa.

Sai yanayin arewacin Jigawa, wanda mai shago ba zai taɓa ambata ba. Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Daren hunturu a Gumel ko Sule Tankarkar, cikin Disamba da Janairu, yana sauka ƙasa da haka sosai, rana a Afrilu kuma ta haura 40. Ƙaramin ruwa yana bin iskar ɗaki nan take, ya yi sanyi da asuba ya yi zafi da azahar, a ƙara masa na’urar sanyaya ɗaki da ke kunnuwa da mutuwa bisa ra’ayin wutar lantarki. Kifin da sanyi ya raunana shi ne ke kamuwa da cutar fararen ɗigo, ko wadda ke yayyafa masa wani abu kamar ƙurar zinare, har mai shi ya yi murna wai sabon launi ya fito.

Wanda ke albashi ba shi da uzurin rashi. Abin da ake buƙata akwatin gilashi ne mai cin lita 20, abin ɗumama ruwa don hunturu, da sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a cire masa kulorin idan na famfo ne. Lita 20 ɗin nan jarka ɗaya ce ta ɗan ga-ruwa.