Permi kaɗai ba ya kai saƙo

A kullum motoci suna tasowa daga Maraɗi, su bi ta Kornaka, su sauke kaya a tashar Dakoro. Daga nan ne wani aikin yake farawa: raba kwalaye da buhuna da ƙunshe-ƙunshe zuwa Birnin Lalle, Sakabal, Azagor, har Bermo da Gadabeji. Samari da yawa sun shiga wannan sana'a, wasu da kabu-kabu, wasu da ƙananan motoci. Abin farin ciki ne. Amma masu motoci da yawa ba su tambayar sabon direba komi sai permi. A ganinmu wannan kuskure ne.

Permi shaida ce ta iya tuƙi. Raba kaya kuwa ilimi ne dabam, wanda ake samu a tasha da magaza da bayan kamyo. Yaron da ya yi shekaru yana aparanti ya san cewa kaya mai nauyi a ƙasa yake zama, kuma abin da za a fara saukewa shi ake ɗorawa daga ƙarshe. Ya san ba a haɗa gari da jarkar esansi. Ya san magani ba ya jure ranar watan Afrilu. Idan ya tsallaka kwarin Tarka ya shiga rairayi, ya san lokacin rage iskar taya, ya san inda mota take kafewa da damina. Wanda ya zauna a magaza kuma ba ya karɓar kaya sai ya ƙirga, ba ya miƙawa sai an sa masa hannu. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

A arewacin wannan yanki, mai saƙo ba shi da lambar gida. Makiyayin da aka gani yau a bakin rijiya, gobe ya yi gaba da dabbobinsa. Sai wanda ya san ranakun kasuwanni, ya san hakimai da arɗo-arɗo, yake iya gano inda za a same shi.

Dattawanmu ba su manta fari na 1973 da na 1984 ba, haka kuma matsalar abinci ta 2005 da ta taɓa Dakoro ƙwarai. Ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa a 1970, tana iya tara hatsi, amma hatsin da ke cikin magaza ba ya ƙosar da kowa sai an kai shi inda mayunwata suke. Haka iri da ya iso bayan an gama shuka, ko allurar riga-kafi da zafi ya ɓata a hanya: asara ce ga talaka, asara ce ga ƙasa.

Wani zai ce: idan sai gwani za a ɗauka, ina yaro zai koya? Tambayar tana bisa hanya. Ba mu ce a rufe wa matasa ƙofa ba. Mun ce a haɗa sabo da tsohon hannu, ya bi shi damina ɗaya da rani ɗaya kafin a bar masa mota shi kaɗai. Shi ma tsohon hannun, idan bai iya karanta takardar kaya ba, gwanintarsa da saura. Ajin yaƙi da jahilci yana jiransa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da masu motoci da hukumomin komin-komin: a riƙa ba aparanti takardar shaidar shekarun da ya yi, a kuma duba ta lokacin ɗaukar ma'aikata. Ma'aikatun gwamnati da ke ba da kwangilar jigila su ma su tambaye ta. Saƙo amana ne, kuma wanda ya saba riƙon ta mutane shi ya fi cancanta a damƙa masa.