Tsakanin Mutanabbi da Shauƙi: Koyi ko Kwaikwayo?

Sau da yawa idan muhawara ta kaure tsakaninmu ɗalibai a kan adabin Larabci, sai ka ji wani ya ce mawaƙan zamanin farfaɗowa 'yan kwaikwayo ne kurum, ba su zo da wani sabon abu ba. A nawa ra'ayin, wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa.

Bari mu fara da zamanin magabata. Imru'ul Ƙaisi ya yi waƙoƙinsa tun ba a san sunayen karuruwan waƙa ba, domin sai a ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmad ya tsara ilmin aruli. Mutanabbi kuwa, wanda ya rasu a 965, a fadar Saifud Daula ta Halab ya shahara, yana yabon sarki ana yi masa kyauta. Wato su waɗannan cikin al'adar suka buɗe ido, kuma ita ce abin yayi a lokacinsu.

Mawaƙan farfaɗowa na Masar fa? Su da gangan suka waiwaya baya, bayan ƙarnonin da adon magana ya danne ma'ana. Mahmud Sami Barudi, wanda Ingilishi suka kora zuwa tsibirin Silon bayan tawayen Urabi na 1882, ya tattara zaɓaɓɓun baitocin mawaƙa 30 na zamanin Abbasiyawa don su zama abin koyi. Ahmad Shauƙi, da aka naɗa Sarkin Mawaƙa a 1927, ya ɗauki kari da amsa-amon Burda ta Busiri ya gina tasa waƙar a kansu. Amma fa a jarida jama'a suke karanta Shauƙi da Hafiz Ibrahim, suna magana a kan mulkin mallaka da ilmi da 'yancin ƙasa. Kwarya tsohuwa ce, furar ciki kuwa damun ranar ce.

Gaskiya ne Aƙƙad ya soki Shauƙi a 1921, yana ganin baitocinsa ba su da haɗin kai, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka rauni daban, sata daban.

Mu ma abin ya shafe mu. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya gaji tsarin rubutacciyar waƙa daga malaman jihadi na ƙarni na 19, ya yi zancen siyasar Arewa da shi. Wa zai kira shi ɗan kwaikwayo? Saboda haka kafin mu yanke wa mawaƙi hukunci, mu tambayi abin da ya yi da gadon da ya tarar.