Neman Gidan Haya Ga Mai Dawowa Daga Ƙasar Waje

Makon nan zancenmu na gidan haya ne. Tun daga 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu, 'yan'uwanmu da yawa sun baro Sudan sun dawo gida. Waɗansu kuma daga Makka da Jidda, waɗansu daga Kumasi, waɗansu mazansu sun ƙare karatu a Ingila ko Masar. Kowace ta sauka, tambayarta guda ce: ina za a sami gida mai fili wanda kuɗinsa ba zai karya maigida ba?

Bari in ba ku labarin yayata, don daga gare ta na koyi darasin. Shekararta 11 a Jidda, da ita da mijinta da 'ya'ya biyar. Da suka yi niyyar dawowa Kano a 2024, maigidan ya ce ba ya son su sauka a gidan kowa. Sai ya sa wani dillali ya nema masa gida. Dillali ya aiko da hotuna ta WhatsApp: fenti sabo, ƙofa ta ƙarfe, ɗaki huɗu da falo. Maigida ya gani ya yaba, ya aiko da kuɗin shekara cif, bai ko nuna wa uwargida ba sai bayan an biya.

Ran da suka iso ni na raka su. Gidan dai shi ne na hoton, ba a yi musu ƙarya ba. Amma hoto bai nuna cewa babu tsakar gida ba, sai wani ɗan lungu da mutum biyu ba sa giftawa. Bai nuna madafi ba shi da taga ba. Bai nuna rijiyar ta ƙafe ba. Yaya ta zaga, ta dawo ta zauna a kan akwati, ta ce, "Ke, a ina zan shanya kayan yara bakwai da ni da ubansu?" Na ce, "Yaya, biyar ne ai." Ta ce, "Ga 'ya'yan ƙaninsa biyu an ce za a kawo mini riƙo." Da watan Agusta ya kama, ruwan layi ya riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shekarar nan haka suka cinye ta, don kuɗin da ya shiga hannun mai gida da wuya ya fito.

To, kun ga inda kuskuren yake. Namiji ya fita da safe sai dare. Mace ce ke wuni a gida, ita ke girki, ita ke wanki, ita ke fama da yara. Saboda haka ita ta san gida mai fili da wanda ba shi da shi. Kada a biya ko kwabo sai uwargida ta taka ƙafarta ta gani. Zuwa da kai ya fi aike. In akwai dangi, a sauka wurinsu wata ɗaya ko biyu, ba abin kunya ba ne. Ƙuncin wata biyu a ɗakin suruka ya fi ƙuncin wata goma sha biyu a gidan da aka biya.

Sa'an nan ku sani, wanda ya daɗe a waje baƙo ne a garinsu, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. A Ingila wata-wata a kan biya haya. A nan kuwa al'ada ita ce a biya shekara guda gaba ɗaya tun ba a shiga ba, wani mai gidan ma ya nemi ta biyu. Bayan wannan ga la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, wani wurin kuma a ƙara kuɗin rubuta yarjejeniya. Kuma da dillali ya ji an ce daga Saudiyya ko Turai aka zo, sai kuɗin ya tashi, don yana lissafi da riyal da fam. Dabara ita ce a tura ɗan'uwa mazaunin gari ya yi ciniki tukuna, kada a faɗi daga inda masu shiga suka fito sai an yanke magana.

Yanzu 'yan makaranta ku ɗauko alƙalami mu yi lissafi, don nan ne iyayenku ke bukatarku. Mu ce ga gida biyu. Na farko naira 500,000 a shekara, amma ba ruwa. Na biyu naira 750,000, da rijiyar burtsatse a ciki. Wanne ya fi araha? Kada ku yi saurin amsawa. In gidan farko kullum sai an sayi ruwan naira 1,000 wurin 'yan ga-ruwa, a shekara ya zama 365,000. Ku tara da 500,000, kun sami 865,000. Ashe mai arahar shi ne mai tsada. Haka za ku yi wa kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin adaidaita sahu ya hau, kuma yaro biyar zuwa makaranta da dawowa, kwana biyar a mako, ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma wuta. A watan Afrilu na 2024 aka mai da kuɗin wutar layin da a ke kira rukunin A, watau masu alkawarin awa 20 a rana, naira 225 kowane ma'auni guda, alhali dā bai kai 70 ba. Don haka a tambaya ko gidan a wane rukuni yake, kuma ko yana da mita mai kati. In babu mita, a nemi takardar biyan wuta ta ƙarshe a gani, kada a gaji bashin wanda ya tashi.

Game da unguwa, a Kano kowa ya san Nasarawa da Bompai na masu hali ne. Cikin birni kuwa akwai jama'a da zumunci, amma gidaje a matse suke, yawancinsu kuma na gado ne. Mai neman fili da sauƙin kuɗi sai ya dubi bakin gari, kamar su Rijiyar Zaki da Ɗanbare ta yamma, ko Mariri ta gabas, ko Gaida da Panshekara. Amma a auna nisan wurin da inda maigida ke neman abinci. Wanda rumfarsa ke Kantin Kwari ya yi lissafin zirga-zirgarsa tukuna kafin ya yi murna da araha.

Ga abin da nake so ku duba in kun shiga gidan. Kada yawan ɗaki ya ruɗe ku. Ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi ya fi ɗaki biyar babu wurin shan iska, musamman a watan Afrilu da zafi ke hana barci a ciki. Ku tafi da igiyar awo. Ɗakin da ya kai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi zai ɗauki gado da kabad, har a sami wurin shimfiɗa sallaya. Ku dubi gindin bango: in kun ga fenti ya kumbura ko gishiri-gishiri ya fito, danshi ne. Ku ɗaga kai ku dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Ku murɗa famfo da hannunku. Ku leƙa makewayi, ku tambayi yaushe aka kwashe masai. Ku fita waje ku ga ko gidan ya fi layi tudu, da kuma inda kwata ta nufa. In hali ya yi, a je gani da damina bayan an ɗauke ruwa, a kuma koma da dare sau ɗaya.

Abin da ya fi duka, ku yi sallama gidan maƙwabta. Matar maƙwabci za ta faɗa muku cikin minti goma abin da dillali ba zai faɗa ba har abada: ko ruwa na zuwa, ko ɓarayi na damun layin, ko me ya tashi waɗanda suka fita. Ta nan kuma za ku ga irin mutanen da 'ya'yanku za su tashi a cikinsu, balle yaran da aka haifa a waje, waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba.

In gida ya yi, saura biya. Kada a ba dillali kuɗin haya a hannu sai an ga mai gidan ido da ido, mai unguwa kuma ya tabbatar nasa ne, don an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan gida ɗaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu: nawa aka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara rufi, wa zai kwashe masai, da wa'adin da za a bayar in ana son a tashi. Ga mai biyan shekara, in ba a rubuta wani abu dabam ba, wa'adin da aka saba da shi a shari'a wata shida ne. Uwargida ta adana rasit da takardar a ƙasan akwati tare da fasfo.

Yayata dai da shekara ta cika ta ce wa maigidanta, "Alhaji, wannan karon da ni za a je." Gida shida suka gani, ta ƙi biyar. Na shidan tsohon gini ne, fentinsa ya koɗe, amma ga rijiya, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida, ga makarantar allo a bakin layi. Kuɗinsa ma bai kai na farkon ba. Can suke har yanzu.

Wadda ke da 'yar'uwa a hanya, ta karanta mata wannan tun ba ta aiko da kuɗi ba. Allah ya ba kowa masauki na alheri, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.